Shekarar da Bango Ya Yi Gumi

A shekarar da Sin ta karɓi baƙuncin wasannin Olamfik, tun kafin a kai ga wasannin, an yi wani sanyi a Guangzhou wanda tsofaffin garin suka ce sun jima ba su ga irinsa ba. Ƙanƙara ta tare hanyoyin arewa, jiragen ƙasa suka tsaya, mutane suka cika filin tasha da jakunkunansu suna jiran tafiya gida hutun sabuwar shekararsu. Da wannan sanyi nake gane shekarar, domin a cikinsa maigidana ya tafi, kuma daga nan sana'ata ta fara karyewa.

Ina rubuta wannan ne saboda samarin da ke zuwa shagona na gyaran fanka suna nuna mini hotuna a waya. Wai a ƙasashen waje ana shuka ganye a cikin ɗaki, su ma za su yi, fitila ce kawai da fanka. Na yi wannan aiki shekara uku da 'yan watanni a ƙarƙashin ƙasa. Fitila da fanka kowa zai iya saye. Abin da ake koyo shi ne iska, ta ina za ta shiga, ta ina za ta fita, da ranar da bai kamata a bar ta ta shiga ba sam.

Ni ɗan lambu ne daga wajen Kadawa. Na koyi gyaran fanka a Kano, kuma sayen kayan fanka ne ya kai ni Guangzhou. Cikin kayana akwai wata 'yar kwalba ta irin karkashi a cikin toka. Ba karkashin da ke fitowa a bakin kowace gona ba ne. Mahaifina ya yi shekaru yana zaɓen mai faɗin ganye da yawan yauƙi, yana ware shi, har mutanen garinmu suka san shi da karkashin Malam Garba. Bayan ya rasu aka raba lambun, 'yan'uwana suka mai da shi fadamar shinkafa. Abin da ke cikin kwalbar nan shi ne duk abin da ya rage, kuma ban yarda in bar ta a gida ba.

Aikin farko da na yi da maigidana gyaran bututun hayaƙi ne a kicin ɗin Hajiya Rabi. Ita mutuniyar Maraɗi ce, tana tuƙa tuwo a wani bene kusa da ginin kasuwar Tianxiu, 'yan kasuwarmu suna hawa su ci. Hayaƙi ya hana ta sakat, ta kira wani tsoho mai suna Lam wanda ke haɗa wa gidajen abinci fanka. Ina zaune ina cin abinci na ga yana fama shi kaɗai a kan tsani, sai na riƙe masa. Da ya ga yadda na kama ƙusa, ya dube ni ya yi magana. Ban ji ko kalma ɗaya ba. Hajiya ta ce wai yana tambaya ko ina son aiki. Tun daga ranar nake kiransa Shifu, yadda suke kiran gwanin sana'a, shi kuma yana kirana Haluna, don harshensa ba ya iya sunana.

Shifu yana da wani ɗaki a ƙarƙashin wani tsohon gida a cikin lungu, inda yake ajiye kayan aiki yana kuma tsirar da wake na sayarwa. Wata rana Hajiya tana mita, ta ce busasshiyar kuka da busasshen karkashi sun ishe ta, kafin su iso sun zama gari marar rai. Na ce mata ina da iri, fili ne babu. Ta ce in ba Bakano ba, wa zai tsallako teku da toka a aljihu. Amma ita ce ta je wa Shifu da maganar, da hannu da 'yan kalmomin da ta iya, har ya ba ni rabin ɗakin.

Ɗakin taku goma sha biyu ne a tsaye, takwas a kwance, da 'yar taga guda a sama daidai ƙafar masu wucewa. Mun jera fararen akwatunan da ake zuba kifi da ƙanƙara, muka huda ƙasansu, muka cika da ƙasa da takin da Shifu ke kawowa daga bayan gari. Muka rataya dogayen fitilu a kai. A kwana na uku ɗakin ya zama kamar tanderu. Nan na fara sanin cewa duk fitilar da ta ba ganye haske zafi take zubarwa, kuma a ƙarƙashin ƙasa zafi ba shi da wurin zuwa sai ka yi masa hanya.

Hanyar da Shifu ya yi ita ce nake so ku riƙe. Ya sa fanka mai zuƙa a can sama, a bakin tagar, domin iska mai zafi sama take taruwa. Ya fasa wata kafa a ɗaya bangon, ta gefen matakala inda rana ba ta taɓawa, ya zuro bututu har kusa da daɓe, ya rufe bakinsa da raga saboda ɓera da ƙwari. Mashiga a ƙasa, mafita a sama, kuma nesa da juna. In ka sa su kusa, iska za ta shigo ta fice ba ta gai da ganye ba. Ya ce mashiga ta fi mafita faɗi, in ba haka ba fanka za ta yi ta kuka tana jan abin da babu. Sannan ya sa ƙananan fankoki biyu masu juyawa a ciki, ba su bugun ganye kai tsaye, bango suke bugu iskar ta dawo a hankali.

Kayan awonsa uku ne. Akwai ma'aunin zafi da na danshi a rataye a tsakiyar ɗaki, amma bai cika duba su ba. Ya fi yarda da turaren tsinke. Sai ya kunna ɗaya ya bi ɗakin kusurwa kusurwa a tsugune yana kallon hayaƙin. Inda hayaƙi ya karkata ya bi hanya, lafiya. Inda ya miƙe tsaye ko ya taru wuri ɗaya, nan iska ta mutu, kuma nan cuta za ta fara. Na uku shi ne bayan hannunsa. Kullum da ya shigo, kafin ya ajiye jaka, sai ya ɗora bayan hannu a bango. Na daɗe ina ɗaukar wannan wata al'ada ce tasu.

Kuskurena na farko na gida ne. Da zafi ya tsananta, na jiƙa buhunan algarara na rataya a gaban mashigar iska, yadda muke yi wa rumfar tumatir, yadda randa ke sanyaya ruwa. Shifu ya shigo ya gani, ya yi dariya har ya yi tari, ya cire buhunan ya matse ɗaya a gabana, ya nuna iska da yatsa ya matse hannunsa haka nan. Na gane nufinsa. Iskar garinmu busasshiya ce, tana shan ruwa ta bar sanyi. Tasu a ƙoshe take, ba ta da inda za ta sa ƙari. Maimakon buhu, sai muka mai da kunna fitilu zuwa lokacin da gari ya fi sanyi, muka raba su gida biyu, muka fitar da akwatunan wutarsu masu zafi waje kan matakala. A tsakiyar bazara yakan kunna wata tsohuwar na'urar sanyi ta awa biyu da rana, ba fiye ba.

Da haka karkashi ya kama. Na ƙara yakuwa da lalo da rama. Ranar Juma'a in an sauko daga Masallacin Huaisheng, gidan Hajiya ba ya ɗaukar jama'a. Akwai Alhaji Mudi, Bakano mai sayen wandunan jins a Xintang, wanda ya fi kowa surutu. Ranar da ya fara cin miyar ɗanyen karkashi bai ce uffan ba har ya gama, ya suɗe kwano, sannan ya tambayi Hajiya wa ya zo daga gida. Ta nuna ni da muciya ta ce ga manomin rami nan. Sunan ya bi ni. Mutanen Yamai suna cewa in ƙara yakuwa, Kanawa suna cewa 'yan Nijar sun cinye musu rabo, Hajiya tana cewa duk wanda ya ƙara magana ya koma cin taliyar Sinawa da tsinke.

Kowane zagaye ina ware akwati biyu ba na tsinkar ganyensu. Su nake bari su yi fure su yi kwanso, in shanya, in sussuka, in mai da cikin toka. Da yake babu ƙudan zuma a rami, da ɗan gashin kaza nake bin furen ɗaya bayan ɗaya. Shifu ya san darajar akwatunan nan biyu. Wurin da hayaƙin turare ya fi tafiya daidai, nan ya ce in ajiye su.

Akwai abu ɗaya da yake yi wanda ban bi diddiginsa ba. Kowace shekara, bayan sanyi ya wuce, akwai wasu kwanaki da yakan riga ni zuwa. In na sauko sai in tarar ya toshe mashiga da katako da tsumma, ya kashe babbar fanka, ya rage fitilu, ya jera buhunan farar ƙasa da gawayi a gindin bango, ƙananan fankoki kawai ke juyawa. Ya hana ni ban ruwa. Bayan kwana uku ko huɗu sai ya buɗe. Na tambaye shi sau ɗaya, ya nuna kudu ya faɗi wata kalma. Na ɗauka saboda ƙirjinsa ne, don lokacin tarinsa ke tashi. Tun da yana nan yana yi, ban sake tambaya ba.

A sanyin da na ambata, tarin ya kwantar da shi. Ya ce zai tafi ƙauyensu wajen 'yarsa ya yi hutu ya dawo. Ranar da zai tafi ya sauko da ƙyar, ya ɗora hannu a bango kamar kullum, sannan ya zaro wata takarda daga aljihu. Ya je shagon da ake sayar da katin waya ya sa an rubuta masa ita da Turanci, don yana ganin duk baƙar fata yana karanta Turanci. Ya miƙo mini da hannu biyu, ya buga ta da yatsa sau uku, ya tambaya ko na gane. Ni kuwa in ban da karatun allo ban san baƙin boko ko ɗaya ba. A garin nan duka babu wanda ya san haka, don na iya lambobi kuma na iya ɓoyewa. Na dubi takardar yadda masu karatu ke yi, na gyaɗa kai na ce na gode. Na ninke ta na sa a bayan fasfo.

Hutu ya ƙare bai dawo ba. Wayarsa ta yi ta ƙara ba a ɗauka, daga baya ta daina shiga. Na ci gaba da aiki ni kaɗai. Sanyi ya kashe mini lalo, amma karkashi ya tsira, kuma akwatunan iri biyu sun yi kwanson da ban taɓa samun irinsa ba. Na girbe, na baza a kan tire uku a kan kanta. Har na juye tsohon irin da ke cikin kwalba a tire na huɗu don in canza masa toka.

Wata safiya na fito na ji gari ya yi ɗumi, hazo ya rufe benaye. Da na sauka rami sai na ga bango yana tsiyaya. Ruwa yana ɗiga daga rufi, daɓe kamar an yi wanka, gilashin ma'auni ya yi raɓa. Na ɗauka bututu ne ya fashe, na duba babu. Sai na yi abin da kowane mutumin garinmu zai yi in ɗaki ya jiƙe. Na buɗe ƙofa, na cire ragar mashiga, na sa babbar fanka a ƙarshen ƙarfinta, na aro wata na kafa a kan matakala tana turo iska ciki, don ɗakin ya sha iska ya bushe.

Matar mai gidan ta leƙo daga sama tana ɗaga murya tana yi mini alama da hannu. Na ɗauka ƙarar fanka ce ta dame ta, na ce mata ta yi haƙuri. Ban lura ba cewa a lungun nan duka, ƙofata ce kaɗai a buɗe. Kwana uku ina turo iska, ruwa yana ƙaruwa, ni kuma ina ƙara fanka. Ashe ruwan ba daga bango yake fitowa ba. Iskar kudu ce mai ɗumi ke ɗauke da shi, in ta taɓa bangon da sanyi ya ratsa sai ta sauke, kamar yadda kwalbar ruwan sanyi ke gumi. Sanyin shekarar ya shiga bangon ramin fiye da kullum. Duk iskar da na shigar, ruwa na shigar.

A rana ta huɗu fumfuna ta fito, fara kamar auduga a gindin ganye, toka-toka a kan kwanso. Na taɓa karan yakuwa ya narke a hannuna. Tire huɗun nan sun yi gashi, iri ya kumbura ya manne da juna yana wari. Na zauna da tsinke ina tsince waɗanda ba su yi baƙi ba. Abin da na samu bai cika cokalin shayi ba.

Ranar Juma'a na hau wurin Hajiya hannu wofi. Na faɗa mata abin da ya faru. Ta tambaya ko tsohon bai bar mini wani bayani ba. Sai na zaro takardar na miƙa wa Alhaji Mudi na ce idona ke ciwo. Ya karanta yana fassarawa. Layi biyar ne. In bango ya yi gumi, rufe ko'ina. Kada ka kunna babbar fanka. Kada ka ba da ruwa. Sa iri a kwalba ka toshe, ka hau da shi sama. Jira iskar arewa ta dawo.

Alhaji Mudi ya ɗago ya ce, "Malam Haruna, tun yaushe takardar nan take hannunka?"

Na ce tun kafin hutu. Ya buɗe baki zai ƙara magana, Hajiya ta ajiye masa kwano a gaba da ƙarfi ta ce ya ci tuwonsa yana hucewa. Da mutane suka watse ta ce mini, "Da ka kawo mini ita ai da mun nemi mai karantawa. Ni ma ban iya ba, kuma ban mutu ba."

Na wanke ramin da ruwan bilic, na zubar da ƙasar duka, na kankare bango, na bi shi da turare har sai da hayaƙi ya tafi daidai a kowace kusurwa. Na shuka abin da na tsince. Goma sha ɗaya suka fito. Ban tsinki ganye ko ɗaya ba, na bar su duka don iri. Na lissafa kwanaki, na ga in Allah ya yarda kwanso zai bushe wajen tsakiyar watan Agusta.

To, shekarar wasanni ce. Sabunta biza ya yi wuya, abin da ake yi a kusa aka ce sai mutum ya koma ƙasarsa. Ana bin gidaje ana duba takardun baƙi. Teburan Hajiya suka fara zama wayam, wannan ya tafi, wancan ya daina fitowa. Bizata za ta ƙare cikin Yuli. Na je wurare uku, ko'ina amsa ɗaya ce, meyo, babu. Mai gidan kuma ya tsorata. Ya ce fankar da ke huro iska cikin lungu tana jawo ido, ba ya son a tambaye shi me baƙo ke yi a ƙarƙashin gidansa. Na roƙe shi ya ƙara mini mako uku. Na ce zan naɗe bututun da bargo don rage ƙara, zan mai da bakinsa bayan gida. Ya ce a'a, ya yanke wutar babbar fanka daga sama.

Zafin Yuli a rami ba fanka ba abin wasa ba ne. Na kashe fitilu sai biyu, na bar ƙofa a buɗe, ina sayo ƙanƙara daga masu kifi ina jerawa a rufaffun robobi don kada ta ƙara danshi. Na yi ta fifita da kwali. Fure ya fara zubewa. Hajiya ta ce in kawo su barandarta, muka ɗauki akwatunan a keken kaya, amma tsiron da ya tashi a ƙarƙashin fitila bai san rana ba, kwana biyu ganyen ya ƙone. Ita ma a makon ta rufe kicin ta fara ɗaure kaya. Ranar da zan tashi na yanke kwanson da ke jiki, ashirin da uku, duk kore shar, na naɗe a jarida na sa a aljihun gaba.

A gida na shanya su a inuwa, na sussuka. Ƙwayar fara ce, ba ta yi ciki ba. Duk da haka na roƙi yayana kunya ɗaya a gefen shinkafarsa na shuka, na yi ta zuwa ina dubawa har wata guda. Ciyawa ce kawai ta fito.

Ban sake samun biza ba. Bayan shekara biyu Alhaji Mudi ya biyo ta shagona ya ce ya yi tambaya a lungun, an ce masa Shifu ya rasu a ƙauyensu tun cikin sanyin nan, ramin kuma an mai da shi ma'ajiyar takalma. Takardar tana nan wurina. Da na shiga ajin yaƙi da jahilci, bayan na iya karatun Hausa, ita na fara kai wa malaminmu ya koya mini kalmominta ɗaya bayan ɗaya. Yanzu ina karanta ta ba tare da kowa ba.

Ga abin da na bari a shekarar. Babbar fanka ɗaya da ƙanana biyu. Fitilu goma sha shida. Akwatuna talatin da biyu. Ma'auni biyu, da rabin ƙunshin turaren Shifu a kan kanta. Tire huɗu na iri. Tsiron karkashi goma sha ɗaya. Kwanso ashirin da uku. Maigida ɗaya, wanda tambayarsa ta ƙarshe gare ni ita ce ko na gane, na ce masa e. Karkashin Malam Garba kuwa, ko ƙwaya ɗaya ba ta rage ba.